Faifai Ba Ya Numfashi

Kibiyar Rabo maharbi ta uku ma ta wuce faifan da aka rataye a jikin gawo. Filin lakol, wato makarantar Gidan Rumji, ya kaure da dariya.

Ɗansa Abdulhadi, wanda ya dawo daga Yamai da kofin gasar harbi, shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa. Nasa kiban duk suna tsakiyar faifan.

"Baba, ashe labarin farautar nan duk cika baki ne?"

Sai ga fakara ta tashi fir daga cikin karan gero. Tsohon ya karkata kunne, ya ja baka, ya saki. Ta faɗo tim.



Abdulhadi ya ɗauko ta da gudu ya miƙa masa. Tsohon ya miƙo hannu, amma can gefe, yana laluben iska.

"Baba, idanunka... tun yaushe?"

"Tun daminar da ka tafi. Na hana uwarka faɗa maka, kada ka baro gasarka. Faifan nan ba ya motsi, ba ya numfashi, ta ina zan ji shi? Dariyarka dai na ji ta sarai."