Babi na Sha Biyu

Saƙon ya shigo wayata. Sati uku ke nan ina jiran sharhin tsohon malaminmu kan littafin da na buga da kaina.

Na miƙa wa Yaya wayar. "Karanta mini. In zagi ne, ki tsallake."

"Ke, yabo ne! Wai ƙarshen ya fi burge shi: uwar na tsaye bakin ƙofa, sai labari ya ƙare."

Bakin ƙofa? Ai babi na sha ɗaya ke nan.

Na farke kwalin littattafan, ina duba su ɗaya bayan ɗaya. Ashe maɗaba'a ta tsallake babi na sha biyu, wanda na shekara ina rubutawa.

Yaya ta ce, "To, in gode masa?"