Ƙaryar Da Kafinta Ya Yi A Gaban Surukinsa

Kafinta ya yi wa nas ƙarya, ƙodarsa ta mutu. Ga yadda aka yi.

Wata biyu ciki na murɗa masa. Likita ya ce sai an ɗauki hoto a babbar na'urar nan mai baki kamar rami, wadda ake tura mutum ciki a kwance. Mijin 'yarsa ne ya kai shi a mota. Mutum ne mai ladabi. Ya riƙe masa hula da takalmi, ya tsaya a gefen gado, ya ƙi fita.

Nas ta zo da takarda da biro.

"Baba, za mu zura maka wani ruwa ta jijiya don hoton ya fito tar. Za ka ji ɗumi ya ratsa ka, bakinka ya yi ɗanɗanon ƙarfe, har ka zaci ka saki fitsari. Ba ka saki komai ba, kar ka tashi ka guje mana."

Surukin ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Kafinta ya gani.

"Amma ƙoda ce ke fitar da ruwan nan daga jiki," in ji nas. "An taɓa ce maka kana da ciwon ƙoda? Ciwon suga fa? Fitsarinka lafiya?"

Bara wani likita ya gaya masa ƙodarsa ta yi rauni. Sugan ma akwai, ƙwayoyin maganin na cikin akwatin ƙusoshi a shago. Ko matarsa ba ta sani ba. Yanzu a ce ya yi zancen fitsarinsa a gaban mijin 'yarsa?

"Ni? Shekara talatin ina ɗaga katako. Lafiyata ƙalau."

"Ka tabbata, Baba? In da shakka mu gwada jini tukuna."

"'Yata, yi aikinki."

Ta yi. Ɗumin ya zo, ya wuce, kamar yadda ta faɗa. Da zai tafi ta ce ya sha ruwa da yawa, in fitsari ya ragu ko jiki ya kumbura ya dawo maza.

Washegari ya koma shago. Ruwa bai sha ba, wai yawan zagayawa na ɓata aiki. Kwana na biyu fitsari ya koma ɗigo. Na uku takalmi ya ƙi shiga.

"Baban yara, ƙafar nan fa ta kumbura," in ji matarsa.

"Tsayuwa ce."

"Fuskar ma tsayuwa ce?"

Rana ta biyar ya yanke jiki ya faɗi a kan teburin fiƙe katako, yana amai. Surukin nan dai shi ya ciccibe shi zuwa asibiti, a gabansa aka tuɓe shi, aka sa masa robar fitsari.

Jama'a, ruwan nan ba guba ba ne. Mutane da yawa ana yi musu, su tashi su tafi gida lafiya. Amma tambayar da ake yi kafin allurar ba gaisuwa ba ce. In kana jin nauyin wani, ce masa ya fita, ka faɗi gaskiyar ciwonka da magungunan da kake sha.

Kafinta yanzu sau uku a mako ake kai shi wankin ƙoda. Shagon a rufe yake. Hannun da ake soka wa allurar wankin ko guduma ba ya iya ɗagawa.