Amsar Mai Haƙar Rijiya

"Tashi tsaye," in ji mai sa ido, ta dafe takardata. "Duk ɗakin nan B suka zaɓa, kai kaɗai D. Wa ya ba ka?"

Shekara huɗu ina haƙar rijiya a Ogbomosho kafin na dawo zana jarrabawar nan. In ta soke ni, shi ke nan.

Ta zazzage aljihuna, ta sa na cire takalmi. Ba ta samu komai ba.

"Mama, cewa aka yi a jera daga ƙarami. X tara ne ƙasa da sifili, y kuma biyu ƙasa da sifili. Wanda ya nutsa zurfin gaba tara a rijiya ai yana ƙarƙashin mai gaba biyu."

"Ji min injiniyan rami!"

Amma ba ta yi dariya ba. Ta sake karanta tambayar, tana juya koren biro a hannu. Irin tawadarsa na gani da safe a takardun amsa da ake sayarwa a bakin ƙofa.

Ta duƙo, ta rage murya.

"Ɗana, tambaya ta gaba fa, me ka samu?"