Kwana Arba'in Rediyon Gari Na Rufe

Shekara biyar Manaja yana riƙe da gidan rediyon garinsu, kuma yana da dalilin yin alfahari. Ɗaki biyu ne da falo, mutanen gari suka gina da hannunsu. Maƙeri ya haɗa ƙarfen eriya, teloli suka ɗinka labulen da ke tare ƙara. Sanarwar haihuwa, cigiyar akuya, ranar rigakafi, duk a nan ake ji.

Sakatariyar gidan kuwa ana kiran ta Anti Takarda, don ko atishawa ka yi a iska sai ta rubuta lokacin. Ita ta ajiye wa Manaja wasiƙar hukumar kula da gidajen rediyo a kan tebur.

"Manaja, lasisinmu saura wata biyu. Fom ne kawai za a cike, a haɗa da rijistar shirye-shirye. Sa hannunka nake jira."

"Haba Anti, wa zai rufe mu? Su kansu ma'aikatan hukumar, mu suke saurare a mota."

Sau uku tana tuna masa. A na ukun ta tarar ya ɗora kofin shayi a kan fom ɗin.

Wata Talata da hantsi, ana tsakiyar shirin manoma, jami'an hukumar biyu suka yi sallama. Ba su ɗaga murya ba. Suka nuna masa ranar da lasisin ya ƙare, suka kashe na'urar watsa shirye-shirye, suka sa wa ɗakin kwaɗo.

Kwana huɗu bayan haka likitan dabbobi ya iso a kan babur, gumi ya jiƙe masa riga.

"Cuta ta ɓulla a shanu! A sanar kada kowa ya kai dabba kasuwa gobe, kada a shayar a mashaya ɗaya!"

Manaja ya nuna masa kwaɗon. Likitan ya zaga inda zai iya, amma ƙauyukan bayan rafi ba su ji ba. Kasuwa ta ci, dabbobi suka cuɗanya.

Cikin waɗanda abin ya shafa har da kawun Manaja, ƙanen mahaifiyarsa. Shanun nomansa biyu suka mutu ana gab da shuka. Da Manaja ya je jaje, ya same shi zaune kusa da garma, rediyo a cinya.

"Ɗana, kullum sai na murɗa, sai shuuu nake ji. Har batir na sake, na ɗauka nawa ne ya lalace."

Manaja ya sunkuyar da kai. "Ba naka ba ne, Kawu. Ni ne."

Washegari ya tara kwamitin gidan, ya faɗi gaskiya ba tare da ya jingina laifin ga kowa ba. Sannan ya juya wurin sakatariya.

"Anti, me ya rage mana?"

Ta buɗe kabad. Rijistar shekara biyar ce jere, ba ranar da ta yi tsallake. Ga kwafin shirye-shirye, ga takardar duba na'ura, ga littafin ƙorafin masu sauraro da amsar da aka ba kowa.

Su biyu suka tafi ofishin hukuma, ɗauke da kwali uku da takardar roƙo mai sa hannun mutanen gari, wasu da biro, wasu da dangwalen yatsa. Babbar jami'ar ta daɗe tana buɗe shafuka kafin ta ɗago.

"Manyan gidajen rediyo ma ba kasafai suke kawo mana aiki mai tsabta haka ba. Wa ya yi wannan?"

"Ga ta nan, ranki ya daɗe," in ji Manaja. "Ni sakaci kawai na kawo."

Duk da haka ba a yi musu tsallaken layi ba. Aka ba su gargaɗi a rubuce, aka sake duba na'ura, sai a kwana na arba'in aka cire kwaɗon. Harabar ta cika maƙil. Manaja ya zauna gaban makirufo, ya nemi gafarar makiyaya da manoma, ya karanta lambar sabon lasisin sau biyu. Aka ɓarke da tafi har ana ji a iska. Daga nan ya miƙa wa likitan dabbobi kujerar.

Shanun Kawu dai ba su dawo ba. A daminar nan Manaja da abokan aikinsa ne suka nome masa gonar da fartanya.

Jama'a, farin jini ba ya maye gurbin bin doka. Duk wanda aka damƙa wa amanar muryar al'umma, ya sabunta takardunsa a kan lokaci, domin ranar da aka rufe shi, waɗanda suka dogara da shi ne za su fi shan wahala.