Wanda Ya Ƙi Fita

"Wai wane ne ya ƙi fita?" na daka tsawa a ɗakin kwamfuta.

Lasisin manhajar zanen da jami'a ta saya ba ya ɗaukarmu duka, sai wani ya fita wani ke shiga. Gobe za a karɓi aikinmu, ni kuwa tun safe nake safa da marwa.

Dattijon da ke kula da ɗakin ya juyo mini allo. "Ga wanda ya tare gurbin. Danna nan ka fitar da shi."

Sunan abokin ɗakina ne, wanda muka binne makon jiya. Gadar da yake zanawa ta tsaya a tsakiyar kogi.

Na janye yatsana.

"Baba, bar shi ya ƙarasa."