Ƙwarya a Buɗe

Sai da hakimi ya shanye nonon da na kawo masa tas na ce, "Ranka ya daɗe, a buɗe ƙwaryar nan ta wuni."

Ludayi ya suɓuce masa. A makon ne mai shela ya zaga Gombe: Faransa ta fasa bam a Sahara, gubarsa na bin iska, kowa ya rufe ruwa da abinci.

Hakimin nan ne ya ƙwace mana filin kiwo a Tumfure, shanunmu suka ƙare, baƙin ciki ya kashe mijina.

Tun ranar da ya sha nonon, abinci ya gagari hakimin. Ya rame, ya ƙanjame, likita bai ga komai ba.

Ina zai gani? Faifaina bai taɓa barin bakin ƙwaryar ba.