Ranar da Kwallina Ya Koma Kore

Tun da aka ƙirƙiro kwallin da ke komawa kore idan matsin cikin ido ya hau, kowa a garinmu shi yake sawa ranar Juma'a. Ni kuwa tsohon kwalli nake saye a ɓoye, don garau nake gani.

Juma'ar nan, a hanyar masallaci, kowa sai kallona yake. Na ɗauka sabuwar rigata ce, har na gyara tafiya.

A ƙofar gida na ji muryar matata Tasalla: "Malam, ga madubi."

Idanuna kore shar.

"Ke kika musanya mini kwalli?"

"Ni ce. Mahaifinka ma garau yake gani, har ranar da ya fara laluben bango."

"Ni babu inda ke mini ciwo."

"Shi ma haka ya ce. Ciwon nan daga gefe yake fara cin gani, ba ya sallama. Tun yaushe nake tsaye a damanka?"

Sam ban gan ta ba. Na miƙa mata makullin mota, muka nufi asibiti. Shekara ashirin ina yi mata gorin tuƙi, ashe ta fi ni ganin hanya.